Inda Ake Kai Ma'u Da Safe

Fensirin ne ya fara tayar wa Turai da hankali. Mako uku ke nan da sa Ma'u a makaranta, amma yana nan da tsininsa kamar yau aka fere shi. Wanda ya san Ma'u kuwa ya san fensiri ba ya kwana bakwai a hannunta. Ta danna shi a takarda har ya karye, ta tauna gindinsa, ta zane ƙyaure da bango da ƙafar duk wanda ya yi gangancin yin barci kusa da ita. A can ƙauyensu na ƙasar Ruma, ubanta Haliru har tsokanarta yake yi, wai shi akuya ya haifa mai cin katako.

Turai ta juye jakar a kan tabarma. Littafin fes yake, ko layi ɗaya ba a ja ba. Daga can ƙasan jakar sai ga ɓawon gyaɗa guda biyu sun faɗo.

"Ma'u, mi aka koya maku yau?"

Yarinyar ta ɗago faffaɗar fuskarta ta dubi uwarta, ta sake sunkuyar da kai. Asama'u sunanta, shekararta tara. An haife ta da lalurar da likitan Katsina ya kira dawun sindirom, mutanen gari kuma kowa da sunan da yake laƙaba mata, wasu ma ba su da daɗin maimaitawa. Magana tana yi mata nauyi, amma tana yi. Shekara biyu ta yi a aji tare da sauran yaran ƙauye, kafin 'yan bindiga su kashe ubanta a gona gari ya watse. Ta iya ƙirga ɗaya zuwa goma, ta iya rubuta harafin farko na sunanta, waƙar taron safe kuwa ita ke fin kowa ɗaga murya, ko da yake rabin kalmomin ita ta ƙirƙiri abinta.

"Yau ba ku yi waƙa ba?"

"A'a."

"Malamar taku fa, mi sunanta?"

Ma'u ta sa yatsa a baki, ta daɗe. "Kaka," in ji ta.

Turai ta ce a ranta, wataƙila malamar tsohuwa ce. Ta mayar da kayan cikin jaka, amma zuciyarta ba ta koma wurinta ba.

A gidan Alhaji Sammani suke zaune, wan marigayi, cikin garin Batsari. Ma'aikaci ne a sakatariya, mutum mai fara'a a waje, wanda in ya tsaya gaishe ka sai ya tambayi har lafiyar kajinka. Shi ya je ya kwaso su bayan sadakar bakwai, ya ba su ɗakin ƙurya kusa da rumbu. Abu ɗaya Turai ta roƙa ranar da suka sauka: a sa Ma'u makaranta, don ubanta da ƙafarsa ya kai ta, ya sha fama da masu cewa ɓata alli ne. Ta ce in ba za a iya ba, a bar ta ta tafi wurin danginta. Alhaji Sammani ba zai so a ce ya kori matar ƙaninsa tana cikin takaba ba. Ya dafa ƙirji ya ce ai ɗiyar Haliru ɗiyarsa ce. Ya ɗinko riga da wando da farin hijabi, kuma kullum shi da kansa yake ɗora ta a babur tun layi bai cika da mutane ba, ya dawo da ita bayan azahar.

To, wa zai zargi mutum irin wannan? Ga shi kuma Turai a ɗaure take da takaba, wata huɗu da kwana goma ba kwalli, ba turare, ba yawo. Malamai sun ce mai takaba tana iya fita da rana in lalura ta kama, amma Hajiya Tasalla, matar Alhaji, tana da nata littafin da ita kaɗai ta karanta shi. A wurinta mai takaba ko zaure ba ta leƙawa, ba ta ɗaga murya, ba ta kuma yawan tambaya.

Da yamma suna tsintar wake a tsakar gida, Turai ta gwada sa'arta.

"Yaya, halan gyaɗa ake ba su a makarantar nan?"

Hannun Tasalla ya tsaya cak cikin faifai, sannan ya ci gaba. "Gyaɗa kuma? Yo mi yara ba su ci a bakin makaranta? Wata ce ta sam mata."

"Haka ne."

"Ke dai Turai kin cika bin diddigi. Mutum ya bar aikinshi ya ɗauki ɗiyarki safe da rana, maimakon godiya sai ki zauna ƙirgar ɓawo?"

Turai ta ba ta haƙuri. Sai da ta koma ɗaki ta tuna ita gyaɗa ta ce, ba ta ambaci ɓawo ba.

Daga nan kwanaki suka yi ta lalacewa. Yarinyar da a da take son ta kwana da rigar makaranta a jikinta, yanzu da ta ga an ɗauko rigar sai ta juya fuska bango. 'Yan gajerun yatsunta suka faffashe a baki, ƙasa ta cika ƙarƙashin farcenta, jikinta kullum da ƙaurin suya kamar wadda ta wuni a gindin kasko. Waƙa ta ɗauke. Turai ta jera mata tsakuwa goma a ƙasa ta ce ta ƙirga, ta kai huɗu ta tsaya, ta tattara su ta fara matsa su ɗaya bayan ɗaya tsakanin yatsu, tana ajiye su gefe. Ta koma fitsarin kwance da ta bari tun tana shekara biyar. Kalmominta suka riƙa raguwa, yau biyar gobe uku, har ranar da ko "Inna" ta daina cewa. Turai takan zauna ta zuba mata ido a tsorace, don ta san da wahalar da aka haƙo kowace kalma daga bakin nan.

Ranar wata Juma'a tana yi mata wanka, ta ɗaga ƙafar dama za ta cuɗa, yarinyar ta zabura. Wani jan zobe ne ya zagaye idon sawun, fata ta saluɓe a gefe ɗaya.

Ta jira Alhaji ya dawo daga masallaci ya ci abinci, sannan ta je ta durƙusa a bakin ƙofarsa, daga waje.

"Alhaji, barka da hutawa. An sauko lafiya?"

"Lafiya lau, Turai. Ya ƙarin haƙuri?"

"Da godiya. Ya aiki, ya jama'a?"

"Alhamdulillahi. Da magana ne?"

"Ƙafar Ma'u na gani."

"Af, salansar babur ce ta ƙone ta. Na sha gaya mata ta riƙa ɗage ƙafa."

"Salansa tana zagaye ƙafa kamar munduwa, Alhaji?"

Ya rage muryar rediyo. Sannan ya yi magana a hankali, da irin muryar da ake lallashin marar lafiya.

"Turai, baƙin ciki yana sa mutum gane-gane. Abin da kika gani a Ruma ba ƙarami ba ne, ban ga laifinki ba. Ki bari ki fita takaba, ni da kaina zan kai ki ki ga makarantar. Nawa ya rage? Wata biyu ne fa."

"Ko littafin nata ba rubutu."

"Yo irin su Ma'u rubutu ake fara masu da shi? Zama ake koya masu tukuna. Ki je ki shafa mata man kaɗanya."

Ta tashi da godiya a baki, don mai cin tuwon wani ba ya tashi da wani abu daban. Amma ruwa ba ya tsami banza, wannan kam ta sani tun tana yarinya.

Washegari Asabar gidan ya tashi da shara da wanke-wanke. Baƙi za su zo daga Safana, mata dangin Shafi'u, saurayin da ke neman Mahfuza, babbar ɗiyar Alhaji. Ba a sa rana ba tukuna, ana matakin da dangin namiji ke zuwa ganin gida, suna shan fura suna auna kowa da ido. Tun da hantsi Tasalla ta leƙo ɗakin ƙurya.

"Mai takaba ba ta ganin baƙi, kin sani. Ita ma yarinyar ki riƙe ta a ciki, kar ta ɓata masu kaya."

Ta ja ƙyauren. Turai ta ji ƙarar sakata daga waje.

Ƙyauren langa-langa ne, ba ya tare magana. Aka yi gaisuwa mai tsawo, aka tambayi hanya, aka tambayi kaka da amfanin gona, aka yi addu'ar zaman lafiya. Cikin muryoyin akwai wata mai kauri, ta dattijuwa, da ba ta gaggawa. Turai ta ji an gabatar da ita: Malama Nusaiba, gwaggon Shafi'u, ita ce ba ta zo daga nesa ba, don a nan Batsari take aure, tana koyar da 'yan aji biyu a firamaren unguwar.

Turai ta miƙe. Ta matso ta kara kunne.

"Allah ya jiƙan Malam Haliru," in ji mai muryar. "Ya bar baya kau?"

"Ɗiya guda ce," Tasalla ta amsa, ko tuntuɓe harshenta bai yi ba. "Tana can wurin dangin uwarta."

"Allah sarki. Lafiyarta lau dai?"

"Lau. Mu ai Alhamdulillahi, kaf zuriyar gidan nan ba mai wata lalura."



"To madalla," in ji Malama Nusaiba.

Turai ta juya ta dubi ɗiyar da aka ce tana wurin dangin uwarta, ga ta zaune a lungu ta ƙura wa bango ido. Kowa ya san kafin a haɗa zuri'a sai an bincika asali: ko akwai taɓin hankali a gidan, ko farfaɗiya, ko wani abin da ake tsoron ya bi jini. Wannan ba sabon abu ba ne. Amma in malamar firamaren unguwa ba ta san Ma'u tana garin nan ba, to wace makaranta babur ke zuwa kowace safiya? Biri fa ya yi kama da mutum. Sai dai zato zato ne, ita kuma baƙuwa ce a ɗakin aro, ba ta da abin da za ta riƙe a hannu ta ce ga shi.

Ranar Litinin Turai ta sa wa Ma'u riga. Da Alhaji ya tayar da babur a ƙofar gida, yarinyar ta kama ƙyaure da hannu biyu. Ba kuka, ba magana, riƙo kawai. Sai da ya shigo ya ɓamɓare yatsun ɗaya bayan ɗaya, yana dariya yana cewa, "Kai, ɗiyar nan akwai ƙiwuya, ubanta sak." Mahfuza tana bakin rijiya da guga a hannu. Turai ta ga ta kawar da kai da sauri, ta ga ta share ido da gefen mayafi.

Ƙarar babur na ɓacewa Turai ta nufe ta.

"Mahfuza, dube ni. Ina babanki ke kai ta?"

"Makaranta mana, Inna Turai."

"Ce wallahi."

Gugar ta suɓuce ta koma rijiya da igiyarta. Mahfuza ta durƙushe a wurin ta fashe da kuka, tana toshe baki kar uwarta ta ji daga ɗaki.

"Wallahi ba ni na ce a yi ba. Baba ya ce na ɗan lokaci ne, in an yi biki shi ke nan sai a sa ta. Ya ce mutanen Safana akwai tone-tone, in gwaggon Shafi'u ta gan ta a aji da sunan gidanmu za su ce abin a jini yake, ni ma irinta zan haifa masu. Ya ce Ma'u ba ta san bambanci ba, duk inda aka aje ta ɗaya ne a wurinta."

"Ke da kika ga yadda ta riƙe ƙyaure, kin yarda ba ta sani ba?"

"Inna Turai, shekarata ashirin da huɗu. Ƙawayena duk da goyo. In wannan ma ya tafi, mi za a ce da ni a unguwa?"

Turai ta dube ta, ta rasa ko tausayinta za ta ji ko haushi, sai ta ji duka biyun. "Ban tambaye ki shekarunki ba. Ina take?"

"Gidan Iyan Lado mai ƙuli. Bayan makarantar, lungun da ke da bishiyar darbejiya."

Ta shiga ɗaki ta zura hijabinta da ya koɗe, ta sa silifa. A zaure ta ci karo da Tasalla, wadda ta baje hannuwa ta tare ƙofa.

"Innalillahi! Ina za ki da takaba a kanki? So kike ki hana bawan Allah kwanciya a kabarinshi?"

"Bawan Allahn da ƙafarshi ya kai ta makaranta. In akwai abin da zai hana shi kwanciya, ba fitata ba ce, Yaya."

Fuskar Tasalla ta canza, ta gane an gane. Ta sauke murya. "Haba Turai. Mu da muka rufa maki asiri? Wata biyu kacal. Yarinyar nan ko ta shekara goma a aji, likita za ta zama ko gwamna? Ita Mahfuza rayuwarta ce gaba ɗaya. Ki auna mana."

"Na auna. Ba ni hanya."

"In kika taka waje, ke da Alhaji."

Turai ta raɓa ta gefenta ta fita. Rabonta da ganin titi tun ranar da mota ta sauke su, har hasken ya kashe mata ido. Ba ta san garin ba. Ta tambayi wata mai tallar koko, ta tambayi wani mai faci, kowa ya nuna mata da hannu yana bin ta da kallo. Daga baya ma ba ta buƙaci tambaya ba, ƙaurin suyar ƙuli ya ja ta har ƙofar gidan. Ƙaurin da ta yi mako shida tana wankewa daga jikin ɗiyarta ne.

Gidan na jingine da katangar makaranta ta baya. Tun daga zaure ana jin yara suna bin malami da ƙarfi, baƙi da wasali, kamar a cikin gidan suke. Turai ba ta yi sallama ba.

Ma'u tana zaune a ƙasa ƙarƙashin rumfar kara, da rigar makarantarta da farin hijabinta, jakar ma tana goye a bayanta ba a sauke ba. Gabanta tulin gyaɗa ne, gefe ɗaya ƙwarya, gefe ɗaya ɓawo. Hannuwanta suna ɓara, amma fuskarta tana wajen katanga, leɓɓanta suna motsi ba sauti. Daga idon sawunta na dama wani tsumman tsohon zani ya tafi har ginshiƙin rumfar, an ƙulle shi can.

Turai ta dafa bango. Ta ga gawar mijinta da idonta ba ta faɗi ba, amma yau ta ji ƙasa tana juyawa.

Wata tsohuwa ta taso daga gindin murhu tana dogara sanda, idonta ɗaya ya yi fari. "Wa ke nan ba sallama?"

"Uwarta ce."

Tsohuwar ta tsaya. Sai ta fara magana da sauri, tun ba a tambaye ta ba. "'Yar nan, kar ki ɗau alhakina. Lado ɗana shi ke yi wa Alhaji noma, Alhaji ya ce in taimaka in riƙe ta zuwa azahar, in ce mashi a'a? Da farko sakinta nake yi. To da ta ji an kaɗa ƙararrawar can sai ta zabura ta yi waje. Sau uku! Ran nan har bakin ƙofar makarantar ta kai, da ƙyar aka kamo ta. Ni ga gwiwa ba ƙwari, ga ido ba gani, in babur ya kaɗe ta a ce wa? Na gaya wa Alhaji, ya ce in yi duk dabarar da zan yi, kar dai ta kai can. Gyaɗar kau don kar ta zauna haka nan ne."

Turai ta durƙusa ta kama ƙullin.

"Wallahi ban ɗaure da ƙarfi ba," in ji tsohuwar. "Ita ke ja."

Ƙullin ya cije, farce ya kasa, sai da Turai ta sa haƙori. Ma'u ba ta rungume ta ba, ba ta yi murmushi ba. Ta dubi ƙafarta, ta dubi uwarta, kamar tana tambaya ko azahar ta yi. Turai ta karkaɗe mata ɓawon da ya maƙale a riga, ta gyara mata hijabi, ta kama hannunta. Da suka fito lungu, hagu hanyar gida ce, dama ta zagaya zuwa ƙofar makaranta. Ta san abin da ke jiranta in ta bi dama: fushin Alhaji, ɗakin ƙurya da za a iya karɓewa, da kukan Mahfuza. Ta bi dama.

Mai gadi ya nuna mata aji biyu. Yara sun fi saba'in, wasu a benci wasu a tabarma, duk suka juyo. Wata dattijuwa mai tabarau ta ajiye alli ta fito bakin ƙofa. Tun kafin ta gama amsa sallama Turai ta gane muryar.

"Malama, ɗiya na kawo."

"Ɗiyar wa?"

"Ɗiyar marigayi Haliru, ƙanin Alhaji Sammani. Wadda aka ce maku tana wurin dangin uwarta. Ni ce uwar. Shekaranjiya muna cikin ɗakin ƙurya, an sa mana sakata."

Ta faɗa ta jira. Ta shirya wa tsaki, ta shirya wa a ce su je wata makarantar ta musamman a Katsina, ta shirya wa komai. Malama Nusaiba ta cire tabarau ta goge.

"Asama'u ko? Ai na san ta. Da muka je maku ta'aziyya a Ruma, ita ta kawo mani buta. Mu duk mun san da ita tun kafin Shafi'u ya fara zuwa zance, mun kuma tambayi likita, ya ce akasari ba gadonta ake yi ba, kowane gida Allah na iya kawo ta. Ba wanda ya ce uffan. Shekaranjiya na tambaya ne in ji mi za a ce mani, na kau ji." Ta mayar da tabarau. "Tun farkon zango nake duba hanya ko za a kawo ta. Ina take zuwa da rigar nan?"

Turai ta nuna katangar baya da hannu.

Malamar ba ta ƙara tambaya ba. Ta juya cikin aji ta tafa hannu. "Ku matsa a bencin gaba. Kun yi sabuwar ƙawa, sunanta Asama'u, tare za mu riƙa karatu. Wanda ya yi mata dariya ni da shi. Shigo, Asama'u. Zo ki zauna."

Yara uku suka matsa, wata 'yar siririya har da share wurin da tafin hannu. Ma'u ta saki hannun uwarta ta shiga. Ta dubi allo, ta dubi yaran da ta yi mako shida tana jin muryarsu ta bayan katanga. Ba ta nufi bencin ba. Ta waiga dama ta waiga hagu kamar mai neman wani abu, har idonta ya sauka kan ƙafar teburin malama. Ta je ta zauna a ƙasa dab da ita, ta janye wandonta sama, ta miƙe ƙafar dama, jan zoben nan a fili kowa yana gani.

"Mi take so?" in ji malamar a hankali.

An ce irin su Ma'u ba sa koyon komai, ɓata alli ne. An ce ba ta san bambanci ba. Masu faɗin haka su zo su gani. Ubanta da malamin ƙauye sun shekara biyu kafin su koya mata ɗaya zuwa goma, wan ubanta kuwa mako shida ya ishe shi. Ya sa mata riga, ya goya mata jaka, ya ce mata makaranta za a je, ita kuma ta riƙe darasin tsaf, ba ta manta ko ɗaya ba. Ba ɗan bindiga ya yi mata wannan ba. Mutanen da ke cewa ɗiyarsu ce suka yi, don tsoron wata magana da ba wanda ya yi niyyar faɗa.

Ma'u ta ɗaga kai ta dubi malamar, ta tura ƙafar gaba kaɗan don ta sauƙaƙa mata.

"Ɗaure," in ji ta.

Kwana goma sha biyu Turai ta yi tana roƙon Allah ya sa ta sake jin muryar ɗiyarta. Kalmar da ta fito ke nan.